Ba A Fafe Gora Ranar Intabiyu

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina masu girma, ina neman gafara tun da wuri, domin abin da zan faɗa a wannan fili ba zai yi wa waɗansu daɗi ba. Abin da ya tayar mini da maganar kuwa wata hira ce da na tarar ana yi a gindin bishiyar nan ta bakin Sashe, ran da na zo karɓar wata takarda. Wani ɗan ajin ƙarshe ne ya nuna wa abokansa sanarwar neman ma'aikata a wayarsa, ya ce ko za su zauna su ɗan shirya tare, ko Allah zai sa a kira su. Kafin ya rufe baki sai wani ya ce, "Kai dai ba ka da aikin yi. Wa ke shirin intabiyu a ƙasar nan? Ai an riga an raba." Aka fashe da dariya, har wani malami da ke wucewa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne. Yaron nan ya mayar da wayarsa aljihu, ya shiga dariyar shi ma, don kada a ɗauke shi baƙauye.

Ni ma na taɓa yin irin wannan dariya a gindin bishiyar nan, kuma na san abin da ta jawo mini. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Bari in fara da ba masu wannan magana hakkinsu, kada a ce daga sama na faɗo. Ba ƙarya suka ƙaga ba. Ran 15 ga Maris 2014 Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar nan don jarrabawa. Mutum fiye da 500,000 suka nema, guraben ba su kai 5,000 ba, kuma kowa sai da ya biya naira 1,000. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu. A 2023 kuma Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aikin gwamnati, muka ji shaidu suna faɗin yadda suka biya naira miliyan ɗaya ko fiye, zargin kuwa ya taɓa har Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa musamman don ta hana irin wannan. Iyayenmu da suka gama jami'a a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ke kwarara aka kuma fara bautar ƙasa a 1973, aiki ne ke neman su, ma'aikatu na biyo su har makaranta, ga bashin mota na jira. Wannan zamani ya tafi tun da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo ya ƙarasa shi. Duk na sani, duk na yarda. Mai uwa a gindin murhu har yau ba ya cin tuwonsa gaya.

Amma fa a tambayi kai, wa ke cin ribar wannan magana ta "an riga an raba"? Na farko dai mai sayar da gurbin ne. Duk ran da muka zauna muna jaddada wa juna cewa ba a samun aiki sai da kuɗi ko da kati, talla muke yi masa kyauta, muna kai masa masu saye, muna kuma tayar masa da farashi. Na biyu kuwa malalaci ne, domin ya sami maganar da za ta wanke shi tun kafin ya faɗi. In an riga an raba, ai babu laifin wanda bai karanta komai ba, babu laifin wanda ya makara, babu laifin wanda aka tambaya ya yi tsuru-tsuru. Na lura, waɗanda suka fi ɗaga murya da wannan magana a tsakaninmu yawancinsu ba su taɓa shiga ɗakin intabiyu ko sau ɗaya ba. Labarin ƙanzon kurege suke ci, suna kuma ciyar da na baya.

Sa'an nan ba duk aiki ne na gwamnati ba. Mai makarantar kuɗi da ke biyan albashi daga aljihun iyayen yara yana iya ba ɗan ƙanwarsa maƙullin sito, amma ba zai danƙa masa ajin da zai zauna jarrabawar fita sakandare ba in bai iya koyarwa ba, domin in yara suka faɗi iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Ku kuma masu nazarin Hausa, ku dubi kasuwarku. BBC ta fara watsa shiri da Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Rediyon Faransa a 2007, ta Turkiyya ma ta shigo daga baya. Dokar 1992 ta buɗe ƙofar kafa gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, aka buɗe Freedom a Kano a 2003, waɗansu da yawa suka biyo baya. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, kuma irin waɗannan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ba su rabuwa da neman wanda zai fassara ko ya duba fassara. A irin waɗannan wurare za a miƙa maka labari a ce ka fassara cikin minti kaɗan, a zaunar da kai gaban makirfo a ce karanta. Katin ɗan majalisa bai iya karanta labarai ba. Ko a gwamnatin ma, tsarin raba daidai jiharku yake ba gurbi, ba kai ba, kuma 'yan jiharku masu irin takardarka sun fi a ƙirga.

Ga nawa labarin, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Bayan na gama bautar ƙasa, wani gidan rediyo ya kira ni intabiyu. Tun da na riga na haddace cewa an raba, sai na ɗauki abin cika sharaɗi kawai. Ban je na ga wurin ba tun da wuri, saboda haka mai a-daidaita-sahu ya yi ta yawo da ni, na isa a makare ina gumi, takarduna a nannaɗe cikin leda. Mutum huɗu na tarar a bayan tebur. Shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce in faɗa musu ko ni wane ne. Na sunkuyar da kai, na faɗi sunana da na garinmu, sa'an nan na ce ni dai ɗan talaka ne, a taimaka mini saboda Allah. Ta yi shiru tana jiran sauran, ni kuwa na gama. Wani ya ce wane shiri nasu na fi so. Na ambaci wani shiri da nake ji, ashe na wata tasha ne, abokiyar hamayyarsu. Aka ba ni ɗan guntun labari na Turanci in mayar Hausa. Kalmar nan da kowane mai sauraron rediyo ya san ana fassara ta da hauhawar farashi, ni mai digirin Hausa sai na rubuta kumburi, watau tattalin arzikin ƙasa ya kumbura. Daga ƙarshe dattijuwar nan, ina jin don tausayi, ta kawo ni inda take zaton zan sake. Ta ce ta ga kundin digirina a kan waƙoƙin niƙa da daka ne, me na gano? Wallahi, 'yan'uwa, kundin da na yi shekara guda ina fama da shi, na kasa faɗin jimla uku a kansa. Na ce ai yana da babi biyar.

Da na koma gida aka ce yaya, sai na ce an riga an raba. Na yi kusan shekara biyu ina faɗin haka, har ni kaina na soma yarda. Ranar da na kunna rediyo na ji muryar wadda aka ɗauka, jikina ya yi sanyi, domin 'yar ajinmu ce, mahaifinta tela ne a bakin kasuwa, ba ta da kowa sama da Allah. Daga baya ta faɗa mini cewa sati biyu ta yi tana sauraron tashar safe da yamma da littafi a hannu, kullum kuma tana fassara labari uku daga jarida tana karanta wa ƙannenta da agogo a gabanta.

Yau ina koyarwa a wata sakandare, kuma an sha zaunar da ni a bayan tebur in an tashi ɗaukar malamai. Abin da ban sani ba sa'ad da nake wancan gefen shi ne, mutanen da ke bayan tebur ba dodanni ba ne. Sun gaji, suna jin yunwa, sun ga mutum 20 tun safe, kuma a zuci addu'a suke yi Allah ya kawo wanda za su ɗauka su huta. Gaban kowannensu akwai takardar maki mai gida-gida, gidan sanin aiki, gidan iya bayani, gidan natsuwa da sauransu. Abin da ka faɗa shi ake ba maki. Abin da ka sani ka bari a ciki ba shi da gida a takardar.

A nan ne na ga ciwon namu na biyu, wanda ya fi na farko ban tausayi, domin shi masu kirki yake kamawa. Yaro zai shigo da sakamako mai kyau, da ladabi, ka gan shi ka ji ya kwanta maka. A ce masa, "Malam, ka iya koyar da nahawu?" Sai ya dubi ƙasa ya ce, "To, ana dai taɓawa." A ce, "Me ya sa kake ganin kai ya kamata mu ɗauka?" Ya ce, "Ai wannan sai abin da kuka gani, ranka ya daɗe." Wannan amsa a gaban suruki ba ta da na biyu. A ɗakin intabiyu kuwa sifili ce, kuma wanda ya fi shi ƙarancin sani amma ya iya buɗe baki shi zai tafi da aikin. In ka yi masa magana daga baya sai ya ce ai yabon kai jahilci.

Na daɗe ina tunani a kan wannan, kuma ga abin da na gano. Mu Hausawa a al'adarmu mutumin kirki ba ya faɗin kansa, wani ke faɗa masa. Sarki yana da maroƙi da sanƙira. Mai saniya a kara yana tsaye shiru, dillali ke yabon ta. Saurayi ba ya zuwa neman aure da bakinsa, kawunansa ke zuwa su ce yaronmu natsattse ne, yana da sana'a. Tun muna yara aka hore mu a kan haka, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. To, in ka duba da kyau, neman hanya da muke yi da wannan kunya tushensu ɗaya. Wanda ya tafi neman kati wurin babban mutum, sanƙira yake nema, watau wanda zai faɗi abin da shi yake jin nauyin faɗa. Intabiyu kuwa baƙuwar al'ada ce da ta zo tare da aikin ofis, kuma sharaɗinta shi ne a bar kawu da dillali a bakin ƙofa. Kai ne hajar, kai ne dillalin. Wanda bai gane haka ba zai shiga ya zauna yana jiran wani ya yi magana a madadinsa, har a ce ya tashi an gode.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe bai san faɗin kai ba. Mu da muke nazarin adabi ai mun san kirarin ɗan dambe da na mafarauci da na ɗan tauri. Me ya sa ba a kiran su jahilai? Saboda ɗan dambe yana gama kirari zai shiga fage, a take za a ga ko ƙarya yake yi. Karin maganar nan tana nufin wanda ba a tambaye shi ba, wanda kuma babu fagen da za a gwada shi. Wanda alƙali ya kira shaida ya ce me ka gani, in ya ce ana dai taɓawa, ɓoye gaskiya ya yi, babu wanda zai yaba masa da kunya. Masu kawo hujjar rabo da tawakkali kuma su tuna da ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalilinsa da bakinsa, watau tsare amana da sanin aikin.

Dabarar ba wuya gare ta ba. Kada ka yabi kanka, ba da labarin abin da ka yi, ka bar su su yi yabon a takardarsu. Wata yarinya da muka ɗauka, da aka tambaye ta ko za ta iya da babban aji, ba ta ce ita jaruma ce ba. Cewa ta yi, a wurin bautar ƙasa an ba ta aji mai yara kusan 70 da littafin karatu 6. Ta raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da littafi ɗaya da shugaba, ta riƙa sa su karatu da ƙarfi bi da bi, ta ware waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba tana zama da su bayan an tashi. Ta faɗi abin da ya yi kyau, ta kuma faɗi abin da ya gagare ta. Minti biyu ta yi, ba ta ɗaga murya ba, babu wanda ya ce ta yi rashin kunya, kuma kafin ta rufe baki kowa a teburin ya riga ya rubuta makinsa. Irin wannan labari kowannenku yana da shi, ko daga koyarwar gwaji, ko daga shagon da kake tsare wa yayanka, ko daga kuɗin ƙungiya da ka riƙe ba a nemi ko kwabo an rasa ba. Amma ba a tuno shi a kan kujerar intabiyu. A gida ake tono guda uku ko huɗu, a faɗe su da baki a gaban aboki har su zauna.

Akwai kuma ɗaya gefen, kada a ce na ce a zama maroƙan kai. Wani zai shigo da kwat ɗin aro, ya haddace amsoshi daga intanet, kana taɓa shi ya ɓare da Turanci kamar an kunna kaset, shi mai aiki tuƙuru ne, shi mai son ci gaba ne, babban aibinsa shi ne ya cika son aiki. Mutum biyar a jere sun taɓa faɗa mana wannan aibi ɗaya a rana ɗaya. Sai ka miƙa masa alli ka ce ga allo, koya mana bambancin "ya tafi" da "zai tafi" kamar mu 'yan aji ɗaya ne, nan take kaset ya tsinke. Wani kuma a tambaye shi abin da bai sani ba, maimakon ya ce bai sani ba sai ya shiga kame-kame, ya manta cewa wanda ya yi tambayar ya san amsarta. "Ban san wannan ba, amma ga yadda zan bi in sani" amsa ce mai maki. Ban taɓa ganin an kayar da mutum saboda ita ba, na kuwa ga an kayar da masu ƙarya da yawa.

Batun ido ma abin dubawa ne. An koya mana ƙura wa babba ido fitsara ce, su kuwa waɗanda suka taso cikin aikin ofis in ka ƙi duban su sai su ɗauka kana ɓoye wani abu. Tsakanin ƙura ido da kallon takalmi akwai fili mai faɗi. Dubi fuskar mai tambaya sa'ad da yake magana, ka amsa da muryar da na ƙarshen tebur zai ji. Wannan ya fi shafar 'yan'uwa mata, domin nauyin kunya a kansu aka fi ɗora shi. Na ga wadda ta fi duk mazan da suka zo sani, amma sai da muka ce ta maimaita kowace amsa, gefen mayafi na bakinta. Babu wanda ya ce ki sake shigarki, ko ki miƙa hannu in ba ki so. Gaisuwa da baki cikin natsuwa ta wadatar. Amma wadda ke neman ta tsaya gaban aji ko gaban makirfo tilas a ji muryarta.

Sauran shirin duk sananne ne, kunya ce ma a ce sai an faɗa wa mai digiri. Ka karanta sanarwar aikin kalma-kalma, domin yawancin tambayoyin a cikinta suke kwance. Ka san wurin da kake nema, me suke yi, su wa suke yi wa. Ka je ka ga ƙofar tun jajibiri. Ka jera takardunka na asali da kwafinsu a fayil, ka kuma duba sunanka, domin da yawanmu Muhammad ne a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, shekarar haihuwa ma wani lokaci biyu ce. Irin wannan tun da sauran lokaci ake zuwa kotu a yi takardar rantsuwa. Ka binciki abin da ake biya a irin aikin, don in an tambaye ka albashi kada ka ce ko nawa ne, kada kuma ka ambaci na gwamna. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a gan ka, ko ya kira ka intabiyu a wani gida da ba ofis ba, ka guje shi, kuma duk inda za ka ka faɗa wa na gida. A 2021 a jihar Akwa Ibom da sunan intabiyu aka yaudari wata da ta gama Jami'ar Uyo aka kashe ta.

Abu biyu ne nake so in ɗan tsaya a kansu, domin namu ne mu 'yan Hausa. Na farko, wanda ya ce ya karanta Hausa, a kan Hausa za a fara kama shi, kuma ba a yafe masa abin da za a yafe wa ɗan Kimiyya. Na ga mai digiri ya rubuta takardar neman aikin koyar da Hausa babu ƙugiya ko ɗaya, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki, bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba. Shekara huɗu ke nan a Sashe. In ba ka iya ƙa'idojin rubutu ba, ba ka iya fassara kasafin kuɗi da ƙudurin doka da rigakafi ba tare da inda-inda ba, ba ka iya faɗin abin da kundinka ya gano cikin jimla biyar ba, to me ka fi wanda ya tsotsi Hausa a nono bai biya kuɗin makaranta ba? Wannan ita ce tambayar da ke zuciyar kowane mai ɗaukar aiki, ko ya furta ko bai furta ba, kuma amsarta aiki ne za ka nuna.

Na biyu Turanci. Na san za a ce ga shi nan, ya zo mujallar Hausa yana yi wa Turanci talla. Ina kishin harshen nan kamar kowa, kuma ina fatan ranar da za a yi wa mai neman aiki a Kano ko Sakkwato intabiyu da harshen mutanen da zai yi wa hidima. Amma ranar ba ta zo ba, Turanci ne harshen ofis a Nijeriya, kuma rabin aikin da ke jiran ɗan Hausa fassara ce, mai fassara kuwa da ƙafa biyu yake tafiya. Waɗansunmu sun shigo Sashe ne gudun Turanci, sa'an nan suka sa wa gudun suna kishi. Ba a ce ka yi irin na mutanen Ingila ba. Jimla gajera wadda ta fita sarai ta isa, ita kuwa ba ta samuwa sai da yawan yi, ko da za a yi maka dariya a ɗakin kwana. Gara dariyar ɗaki da ta bayan tebur.

Yanzu kuma, malamaina, Allah ya gafarta muku, ku ma kuna da kaso. Yaya za a yi ɗalibi ya shekara huɗu a sashen harshe bai taɓa tsayawa gaban mutane ya yi maganar minti biyar ba? Muna karanta adabin baka, mu rubuta jarrabawarsa da biro, mu ci da daraja ta ɗaya, ba mu buɗe baki ba ko sau ɗaya. Mun haddace ma'anar azanci da balaga daga takardun lacca, a ce mu gabatar da kanmu mu kama rawar murya. Wanda ya ɗaga hannu ya yi tambaya a aji a ce ya cika iyayi, wani lokaci ma malamin ne zai fara gwale shi. Kare kundi, wanda shi ne intabiyu ta farko a rayuwar ɗalibi, a wurare da yawa ya koma sa hannu kawai. Na san yawan ɗalibai ya fi ƙarfinku, na san halin albashi. Amma malamin da ya wuce ya gyaɗa wa yara kai cewa an riga an raba, ya rushe abin da ya gina a aji da hannunsa. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, daga baya ya zauna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, watau shi ma ya zauna a bayan tebur yana sauraron masu neman aiki. Muna koyar da littafin kowace shekara, muna tambayar jigo da salo, sunan da ke bangon kuwa mun bar shi a bango.

Ita ma wannan Ƙungiya tamu ba ta kuɓuta ba. Kowace shekara muna yin wasan kwaikwayo, muna naɗa sarki da waziri, muna kacici-kacici da gasar waƙa, duk abin so ne. Me zai hana mu ware yamma ɗaya a kowane wata, a jera tebur a ɗakin lacca, a roƙi malamai biyu da tsohon ɗalibi ɗaya mai aiki su zauna a bayansa, a kira 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, rabi da Hausa rabi da Turanci, sauran ɗalibai na kallo? A ba mutum labari ya fassara da agogo, a miƙa masa alli, a ɗauki muryarsa a waya ya ji kansa da kunnensa, sa'an nan a faɗa masa gaskiya a gaban kowa. Ba ya bukatar kuɗi ko izinin Majalisar Jami'a. In shugabannin Ƙungiya sun amince, ni na ɗauki nauyin zuwa zama na farko da kuɗin motata. Ina kuma roƙon a fara kiran yaron nan da ya mayar da wayarsa aljihu, bayansa kuma a kira wanda ya ce masa an riga an raba, domin ina so in ji abin da kundinsa ya gano.